Tambaya da Amsa: Waya Ta Ce An Haɗu, Shafi Kuwa Ya Ƙi Buɗewa

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun fi karkata ga matsalolin VPN, don haka na zaɓi huɗu da suka zo daga Maradi. Ga wanda bai saba da kalmar ba, VPN bututu ne rufaffe da ake shimfiɗawa a cikin intanet tsakanin na'urar mutum da wata kwamfuta da ake kira saba, kuma duk abin da ya bi ta cikinsa a kulle yake tafiya. Saƙo a intanet ba ya tafiya a dunƙule, ana yayyanka shi ne ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana ce masa fakiti, kuma kowane fakiti yana ɗauke da adireshin mai aikawa da na mai karɓa.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne ke kula da kwamfutocin shagon kawuna a babbar kasuwa, kuma muna da sito a Tasawa. Na yi hayar ƙaramar saba mai Linux a Faransa, na ɗora manhajar VPN mai suna WireGuard a kanta domin mu da yaran sito mu riƙa fita intanet ta hanyarta. Manhajar wayata tana nuna cewa bututun yana aiki, amma ko shafi ɗaya ba ya buɗewa. Wani abokina ya ce shingen tsaron sabar ne ke tare hanya, in share dokokinsa duka da `iptables -F`. Na share, babu abin da ya sauya. Kawu ya fara tambayar amfanin kuɗin hayar da muke biya kowane wata. Ina mafita? Daga mai karatu a unguwar Sabon Gari.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zan fara da shawarar abokinka, domin ita ce aka fi bayarwa kuma ita ce ta fi cutarwa. Umarnin da ka buga yana share dokokin da ke jere a cikin shingen, amma ba ya taɓa hukuncin ƙarshe da kowane layi na dokoki yake yankewa a kan fakitin da bai dace da wata doka ba. Idan hukuncin nan DROP ne, wato a zubar, to ka kwashe dokokin da ke ba da izini ka bar hanin a tsaye. Ka ma yi sa'a, domin da layin INPUT, mai kula da abin da aka aiko wa sabar, yana kan DROP, da ka rufe wa kanka ƙofa ta 22 da kake shiga sabar da ita ta SSH, wato hanyar sarrafa kwamfuta daga nesa, kana Maradi ita kuma tana Faransa.

Abu na biyu shi ne kada ka gaskata hasken da manhajar ke nuna maka. Manhajar WireGuard tana cewa bututu yana aiki da zarar ta kunna nata ɓangaren, ko sabar ta amsa ko ba ta amsa ba.

Ka dubi yadda kawunka yake yi idan motar kayansa ta taso daga Kano ba ta iso ba. Ba ya zama yana ƙiyasi. Yakan buga waya Katsina ya ji ko ta wuce, ya buga Jibiya, ya buga Ɗan Isa, har ya gano zangon da aka gan ta na ƙarshe. Haka ake bin fakiti, zango bayan zango, kuma ba a sauya komai a saiti sai an san inda ya tsaya.

Zangon farko shi ne gaisuwa tsakanin waya da saba. Ka buga `wg show` a kan sabar, ka nemi layin da ke cewa latest handshake a ƙarƙashin mabuɗin wayarka. Muddin ana musayar bayanai, WireGuard yana sabunta wannan gaisuwa kusan kowane minti 2. Idan layin babu shi sam, to ba a taɓa gaisawa ba, sai ka buga `tcpdump -ni any udp port 51820` ka kunna bututun daga waya kana kallo. Darajar tcpdump, manhajar da ke nuna fakitin da ke wucewa, ita ce yana ganin fakitin da ke shigowa tun kafin shingen sabar ya yanke masa hukunci, gani kuwa ya kori ji. Idan babu abin da ya bayyana, matsalar tana gaban sabar: ko adireshin da ka rubuta a waya ba daidai ba ne, ko kuma kamfanin da ya ba ka haya yana da nasa shingen dabam a shafinsa na masu haya, wanda mutane da yawa kan manta da shi. A nan ma ake yawan kuskuren buɗe ƙofa ta 51820 ga TCP alhali WireGuard da UDP kaɗai yake aiki (TCP da UDP hanyoyi ne biyu na aika fakiti). Idan kuwa fakiti suna shigowa amma babu amsa mai fita, to ɗayan biyu ne: layin INPUT yana zubar da su, ko mabuɗan da ka kwafa sun saɓa. Jason Donenfeld, wanda ya rubuta WireGuard, da gangan ya tsara shi ya yi gum ga duk wanda bai gane mabuɗinsa ba, saboda haka kada ka jira saƙon da zai gaya maka ka yi kuskure. Abin da zai raba maka gardama shi ne `iptables -L -n -v`, wanda ke nuna adadin fakitin da kowace doka ta kama. Ka duba lambobin, ka sake gwadawa daga waya, ka sake dubawa, dokar da lambarta ta ƙaru ita ce ta riƙe kayanka.

Zatona dai gaisuwar tana yiwuwa, kuma matsalarka tana zango na gaba. Ka yi ping, wato ka aika ɗan saƙon gwaji ka ga ko za a amsa, daga waya zuwa adireshin sabar na cikin bututu, mu ce 10.8.0.1. Idan ya amsa, bututun lafiya lau yake. Sai ka yi ping zuwa 1.1.1.1, adireshin da kamfanin Cloudflare ke amfani da shi. Idan wannan ya yi shiru, to sabar tana karɓar kaya amma ba ta miƙa su gaba, kuma abubuwa uku ne ke jawo haka, sau da yawa ma a tare.

Linux a yadda yake zuwa ba ya miƙa fakitin da ba nasa ba, yana ɗaukar kansa mai gida ne, ba dillali ba. Ka buga `sysctl net.ipv4.ip_forward`, idan ka ga 0 ka mayar da shi 1. Sannan ga layin FORWARD, wanda nake ganin shi ne ya fi ruɗa masu koyo. INPUT yana kula da abin da aka aiko wa sabar kanta, FORWARD kuwa yana kula da abin da ke ratsawa ta cikinta zuwa wani wuri, kuma kayan wayarka masu ratsawa ne. Idan ka taɓa ɗora manhajar Docker a sabar, ka sani cewa tun 2017 yana mayar da hukuncin FORWARD zuwa DROP, haka ma ufw, shingen da ke zuwa da nau'in Linux na Ubuntu, yana hana miƙawa sai an ba shi izini. Kana bukatar doka mai barin fita, `iptables -A FORWARD -i wg0 -o ens3 -j ACCEPT`, da kuma mai barin amsa ta dawo, `iptables -A FORWARD -m conntrack --ctstate RELATED,ESTABLISHED -j ACCEPT`. Ka lura da jeri, domin ana karanta dokokin daga sama zuwa ƙasa kuma wadda ta fara dacewa ita ke yanke hukunci. Harafin A yana ajiye doka a ƙarshe, saboda haka idan akwai mai zubarwa a samanta, taka ba za ta taɓa ganin fakiti ba, sai ka sa harafin I a madadinsa domin ta hau sama.

Na uku shi ne adireshi. Duk adireshin da ya fara da 10, ko 192.168, ko wanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, na cikin gida ne, an keɓe su tun 1994, kuma intanet ba ta san hanyar mayar musu da amsa ba. Dole sabar ta cire adireshin wayarka ta manna nata kafin fakiti ya fita, abin da ake kira NAT: `iptables -t nat -A POSTROUTING -s 10.8.0.0/24 -o ens3 -j MASQUERADE`. Kada ka kwafi ens3, wato sunan katin da sabar ke fita intanet da shi, daga gare ni ido rufe. Tsofaffin bayanai suna rubuta eth0, sababbin na'urori kuwa kowace da sunan katinta, kuma na ga mutane sun kwana biyu suna wahala a kan wannan kalma guda. Umarnin `ip route show default` zai faɗa maka sunan naka.

Idan 1.1.1.1 ya amsa amma shafi bai buɗe da sunansa ba, saura DNS kawai, wato hidimar da ke fassara suna zuwa lamba, sai ka rubuta layin DNS a saitin wayar. Ka kuma duba AllowedIPs a ɓangarorin biyu: a waya ya zama 0.0.0.0/0 idan kana son komai ya bi bututu, a saba kuwa kowane yaro da nasa adireshi guda, domin idan ka ba biyu adireshi ɗaya, wanda aka rubuta daga baya shi ke ƙwace shi. Tun daga nau'in Linux na Debian 10 na shekarar 2019, umarnin iptables yana rubuta dokokinsa ne a cikin nftables, sabon tsarin shingen Linux, saboda haka idan lissafi ya ƙi fita, `nft list ruleset` zai nuna maka har dokokin da wata manhaja ta saka ba da saninka ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina riƙe da lissafin kuɗi a wata makaranta mai zaman kanta, kuma ina shiga kwamfutar ofis daga gida ta WireGuard. Gajerun saƙonni suna wucewa, ping yana amsawa, amma idan na buɗe babban shafi ko na ce zan aika takarda mai nauyi, sai abin ya tsaya yana juyawa har in gaji. Ƙanena da ya haɗa mana ya ce rezo ne ba shi da ƙarfi, amma idan na kashe VPN komai yana tafiya. Ya kuma ce ya toshe ping daga waje saboda tsaro. Daga mai karatu a unguwar Zariya.

Amsa: Malama, barka kadai. Gwajin da kika yi na kashe VPN ya riga ya wanke rezo. Idan ƙanana suna wucewa manya suna maƙalewa, to maganar girman fakiti ce, abin da ake kira MTU. Kamar ƙofar zaure ce: mai keke ya shige, amalanken da aka yi wa lodin kara har sama ya tsaya a bakinta.

A mafi yawan hanyoyi fakiti ba ya wuce bayit 1500. WireGuard yana naɗe kowane fakiti a cikin wani, kuma naɗin yana cin bayit 60 a kan IPv4, tsohon tsarin adireshi, 80 a kan IPv6, sabon tsarin, shi ya sa yake zuwa da ma'aunin 1420. Wannan lissafi ya ginu ne a kan cewa hanyar waje tana ɗaukar 1500 cif, alhali layin intanet da ke amfani da tsarin haɗi na PPPoE yana tsayawa a 1492, wasu hanyoyin wayar salula ma ba su kai haka ba. Idan fakiti ya fi ƙarfin hanya, ko dai a tsaga shi, kuma akwai na'urorin da ke zubar da gutsattsarin, ko a zubar da shi a aiko wa mai shi sanarwa cewa ya rage kaya. Sanarwar nan ta ICMP take zuwa, wato hanyar da ping ke bi. Idan ƙanenki ya toshe ICMP baki ɗaya, ya toshe ɗan aiken da ke kawo labarin, sai mai aikawa ya yi ta maimaita babban fakitin yana jiran amsar da ba za ta zo ba. Ni dai ban ga tsaron da ake samu da toshe ICMP duka ba, wanda ya kai wahalar da yake jawowa.

Ki gwada da kanki. A Windows ki buga `ping -f -l 1392` tare da adireshin sabar na cikin bututu, a Linux kuwa `ping -M do -s 1392`. An zaɓi 1392 ne domin idan aka ƙara bayit 28 na kan fakitin ya zama 1420. Idan bai amsa ba ki riƙa ragewa da 20 har ya amsa, lambar da ta wuce ki ƙara mata 28, ita ce MTU ɗinki. In kina son gajeriyar hanya, ki sa `MTU = 1280` a saitin ɓangarorin biyu, wanda shi ne mafi ƙanƙantar da IPv6 ya yarda da shi, kuma ragin saurin da zai jawo ba wanda za ki lura da shi ba ne. Ki ce wa ƙanenki ya ƙara wannan a sabar: `iptables -t mangle -A FORWARD -p tcp --tcp-flags SYN,RST SYN -j TCPMSS --clamp-mss-to-pmtu`, dokar da ke sa ɓangarorin biyu su yi yarjejeniya a kan ƙaramin fakiti tun daga gaisuwa.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Na ɗora VPN a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi a ɗakina, na haɗa shi da ruta mai katin waya, na buɗe ƙofa a rutar yadda aka koyar. A cikin ɗaki yana aiki, daga waje kuwa tcpdump ba ya ganin ko fakiti ɗaya.

Amsa: Ɗalibi, ka yi daidai da ka fara da tcpdump, kuma shirun da ya yi shi ne amsarka. Ka shiga shafin rutar ka duba adireshin da kamfanin waya ya ba ta, ka kwatanta shi da wanda shafukan duba adireshi ke nuna maka. Idan sun bambanta, musamman idan na rutar yana tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, zangon da aka keɓe a 2012 domin wannan aiki, to kana bayan CGNAT, wato NAT na kamfanin waya. Adireshin IPv4 bai wuce biliyan 4.3 ba, babban rumbunsa ya ƙare tun Fabrairun 2011, saboda haka kamfanonin waya a ko'ina suna tara masu amfani da yawa a bayan adireshi guda. Ƙofar da ka buɗe ta ɗakinka ce, ƙofar gidan kuwa ba a hannunka take ba, kuma babu dokar iptables da za ta buɗe ta. Ko ka nemi adireshi na kanka daga kamfanin idan suna sayarwa, ko ka yi hayar ƙaramar saba ta zama mahaɗa, Raspberry Pi ya kira ta daga ciki, wayarka ma ta kira ta. Ka sa `PersistentKeepalive = 25` a ɓangaren na'urar ɗakin, domin ta riƙa motsi kowane daƙiƙa 25 kada hanyar dawowa ta rufe.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne, ban san kan waɗannan na'urori ba. Wani yaro ya haɗa mana OpenVPN a kwamfutar ofis, yana aiki lafiya, amma duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita sai ya daina, sai mun kira shi, ga shi yanzu ya koma Yamai. Ɗana ya karanto mini abin da ke fitowa: TLS key negotiation failed to occur within 60 seconds. Daga wani dattijo a Bagalam.

Amsa: Alhaji, ranka ya daɗe. Ma'anar saƙon ita ce na'urar waje ta yi sallama ta jira minti guda ba a amsa ba, bai kuma faɗi dalili ba. Amma tunda ɗauke wuta ke tayar da matsalar, to akwai abin da kwamfutar ke mantawa idan ta mutu, kuma ga abin da za ku sa yaron ya duba, ko ya jagoranci ɗanku ta waya.

Dokokin iptables a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke zama, suna gushewa da zarar na'ura ta mutu, sai an adana su. A Debian da Ubuntu ana ɗora iptables-persistent, a buga `netfilter-persistent save`. Haka izinin miƙa fakiti: idan da baki kawai aka ba da shi, wato da `sysctl -w`, ba ya kwana, sai an rubuta shi a fayil a cikin /etc/sysctl.d. Ita kanta manhajar OpenVPN sai an ce mata ta riƙa tashi tare da kwamfuta ta hanyar `systemctl enable`. Ina kyautata zaton abin da yaron yake yi duk lokacin da kuka kira shi bai wuce sake buga waɗannan da hannu ba.

Akwai wasu biyu da ba a cika tunawa da su ba. Rutar ofis tana tura ƙofa ta 1194 zuwa adireshin kwamfutar na cikin gida, kuma idan wuta ta dawo rutar tana iya raba adireshi sabo, kwamfutar da ke 192.168.1.10 jiya ta wayi gari a 192.168.1.14, sai baƙo ya yi ta ƙwanƙwasa ɗakin da babu kowa. Maganinsa a kafe wa kwamfutar adireshi ɗaya a cikin rutar. Sai kuma agogo. OpenVPN yana aiki da takardun shaida masu ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirinta na ciki, mai lamba CR2032, ya mutu tana iya farkawa da kwanan watan shekarun baya, ta ɗauka takardun ba su fara aiki ba tukuna. Ɗanku ya buga `date` bayan wuta ta dawo ya ga ko ranar daidai take. Batirin ana samunsa wajen masu gyaran agogo da masu gyaran kwamfuta.

Tunda daga Yamai yaron zai yi gyaran, ku ce masa ya yi amfani da `iptables-apply` wajen sauya dokokin shinge, domin yana mayar da tsofaffin dokoki da kansa idan ba a tabbatar masa cikin daƙiƙa 10 cewa hanya tana nan ba. Idan ya ce ya gama, kada ku jira a ɗauke wuta, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kashe kwamfutar da rutar da hannunku yana kan waya, ku kunna su, sannan ɗanku ya kashe wifi na ofis a wayarsa ya gwada shiga da rezon katinsa, domin gwaji daga cikin ofis ba ya nuna ko ƙofar waje a buɗe take.